Ɗari Biyun da Ta Hana Ni Firiji

Shekara goma sha ɗaya ina unguwarzoma kafin na buɗe ɗan shagon magani a Maigatari. Abu ɗaya ya tsaya mini a rai, firiji mai aiki da hasken rana, domin allurar tsayar da jinin haihuwa ba ta jure zafi. Tawa a randa nake ajiye ta.

Sai aka kira mu bita a Gumel, wai za a koya wa masu ƙananan shagunan magani tafiyar da kasuwanci, wanda littafin cinikinsa ya nuna riba kuma a ba shi rancen firiji. Na zauna kwana uku, kuma tsakani da Allah na ƙaru. A nan na koyi raba kuɗin shago da na cefane.

Ranar ƙarshe malamin bitar ya karɓi littattafanmu. Ni kuwa rabin cinikina na ranar Alhamis ne, ranar kasuwa, daga mutanen Nijar masu biya da sefa. Su da dala suke ƙirge, dala ɗaya sefa biyar. In mace ta miƙo mini sefa dubu, ɗari biyu take cewa, ni ma ɗari biyu nake rubutawa. Ko mai tallan goro a garinmu ya san wannan.

Malamin ya ɗauka naira na rubuta, ya danna na'urar lissafinsa, ya girgiza kai. "Hajiya, shagon nan faɗuwa yake yi."

Na ce, "Malam, ɗari biyun nan dala ce, ka ninka sau biyar."

Ya yi murmushi irin wanda ake yi wa tsohuwar da ta fara ruɗewa. "Hajiya, ɗari biyu ai ɗari biyu ce ko a ina."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Mutum ya taso tun daga birni zai koya mana kuɗi, bai san yadda muke ƙirga su ba, kuma bai ga ya kamata ya tambaya ba! Masu shaguna uku suka miƙe suka goya mini baya. Ya duba agogo, ya ce direba na jiransa.

Ba a ba ni rancen ba. Bazarar nan kwalaben allura tara na zubar don na daina yarda da su, mata biyu kuma na tura Gumel a mota suna zubar da jini.

Takardar shaidar bitar dai sun aiko mini, mai kauri, har da hatimi. Da ita nake yi wa randar fifita.