Dokin aro da ya san gidanmu

'Yan uwa, yau doki ya kusa kayar da ni! Wataƙila tsoro ya rikita min wasu abubuwan.

Na ari dokin abokina na Dirin Daji don hawan salla. Muna wuce gidanmu, Kawu Bawa ya buga daron dusa zai ba dawakinsa. Dokin ya ɗaga ƙafafun gaba, ya kutsa gida da ni, ya tsaya a tsohon turken da babu doki.

Kawu ya shafa tabon kunnensa, ya ce, "Ɗana, sauko. Dokin marigayi babanka ne, shi aka sayar ka tafi jami'a."

Ban taɓa sani ba. Har yanzu ya ƙi fita, abokina kuma yana jira. Waɗanda suka gani, don Allah ku gyara min.