Guntayen Fatar da Baba Ya Huda Mini

Yau a asibiti saura kaɗan in rangaɗa guɗa. Na raka jikata wurin ma'aikaciyar da ke koya wa yara amfani da hannu, sai ta miƙo mata kwali mai huji-huji da igiyar takalmi, ta ce ta dinga zurawa kullum. Wallahi wannan ai dabarar Babana ce!

Ina 'yar shekara shida a Panshekara, farkon shekarun tamanin, hannuna na dama ba ya riƙe fensir. Malaminmu har ya ce a bar ni a gida sai baɗi. Baba yana aikin jima a kamfanin fata a Challawa, sai ya fara dawowa da guntayen fata a aljihu. Ya huda su da ƙusa, ya ba ni igiya, ina kuskuren hujin ina kuka.

Inna ta ce, "Malam, yarinyar da ko cokali ba ta riƙewa, dukanci za ku koya mata?"

Baba ya ce, "Ba takalmi nake so ta ɗinka ba. Yatsun nake so su farka."

Daga nan ya sa ni tsince tsakuwa a shinkafa da ɓalla masa maɓallin rigar aiki. Kafin damina ta wuce na rubuta sunana da kaina.

Bai taɓa shiga aji ba, Allah ya jiƙansa. Da hannun nan nake rubuto muku wannan. Ku wace dabara aka yi muku a gida, sai yanzu kuka gane magani ce?