Goggo Adama, Wadda Ta Gyara Mini Talla

Yau da safe aka kira ni a waya. Goggo Adama ta rasu.

Tun ɗazu ina zaune a shago, na kasa buɗe ƙofa.

Da yawanku kun san ni da sayar da kayan noma a Kafanchan, wasu ma na yabon yadda nake rubuta talla. To ba a makaranta na koya ba. Goggo Adama, wata Bafulatana mai sayar da nono a bakin shagona, ita ce ta koya mini, ita da ba ta yi boko ba.

Shekarar da na kawo ƙananan famfunan feshi, na buga ƙatuwar bana, wato ƙyallen talla: "Ba nauyi! Ko mace za ta iya ɗauka!" Ni a ganina na burge. Sati uku mata na zuwa su leƙa su wuce. Jarina kaf yana cikin kayan nan.

Wata rana Goggo ta ce in karanta mata abin da na rataye. Na karanta. Ta ajiye ludayi.

"Ko mace? Yakubu, zo ka ɗaga ƙwaryar nan."

Na ɗaga da ƙyar.

"Kullum a kaina take zuwa daga tasha. Matan Kwoi da ke haƙar citta, su za ka ce wa ko mace?"

Kunya ta kama ni. Na ce to me zan rubuta?

"Kar ka rubuta komai tukuna. Yi shiru ka ji abin da suke tambaya."

Na yi shiru na saurara. Igiyar tana cin kafaɗa? Yana yoyo a bayan mutum? In roba ta lalace, ina za a samu wata? Ba wadda ta tambayi kala, ni kuwa har masu ruwan hoda na yi oda don mata.

Amsoshin nan na rubuta a sabuwar bana. Kafin damina ta yi nisa kayan sun ƙare.

Tun daga nan ba na buga talla sai na karanta mata.

Da matata ta haihu, har gida Goggo ta kawo man shanu. Ranar Kirsimeti ba ta fitowa kasuwa, amma washegari sai ta ce, "Ina shinkafata?"

Ganinmu na ƙarshe sati uku ke nan. Ta rame, 'yarta ce ke ɗauke da ƙwaryar. Na karanta mata tallan irin masara da ya fara da "Iyayenmu mata masu daraja."

Ta yi dariya har da tari.

"Cire wannan daɗin bakin. Faɗa wa mace farashi da kwana nawa yake nuna. Sauri take yi."

Da za ta tafi ta ce in zo rugarsu a wajen Godogodo in ga gyaɗarta. Na ce sai kasuwa ta lafa.

Ban je ba. Yanzu zan hau mashin in je, amma gaisuwa zan kai.

Ni Kirista ne, ita Musulma, kuma ɗana take kirana. Ubangiji ya jiƙanki Goggo, ya ba ki hutawa, ya ta'azantar da 'ya'yanki.

Duk wanda ya karanta wannan, a coci kake addu'a ko a masallaci, don Allah ka ambaci sunan Adama yau.