Gwiwar Muttaka

A Bakura babu mai kiransa Nuruddeen sai mahaifinsa, Malam Bube, mai karantarwa a zaure. Kowa Gajere yake ce masa, don tsokana, saboda sai ya duƙa yake shiga ƙofar gidansu. Tsawon nan ne ya kai shi ƙwallon kwando tun yana sakandare a Talata Mafara, a can kuma ya haɗu da Muttaka, wani siririn ɗan Maradun mai zafin hannu. Muttaka ba ya ɗaga kai ya nemi Gajere a fili, ya riga ya san inda zai tsaya. Shi ya kawo ƙwallo, Gajere ya zura. Haka suka yi shekara goma, har zuwa ƙaramin kulob ɗin da samarin garuruwan uku suka kafa a Mafara.

Shekarar da kulob ɗin ya samu shiga gasar yanki, wadda ta haɗa ƙungiyoyin Zamfara da Sakkwato da na ƙasar Nijar, Muttaka ne kyaftin. Suka doke 'yan Birnin Ƙonni a gida, aka cinye su a Sakkwato da maki biyu, sannan suka je Tawa suka yi nasarar da ba wanda ya zata. Saura wasan kusa da na ƙarshe a Maraɗi.

A wasan Tawa ne Muttaka ya dira ba daidai ba. Ya naɗe gwiwar da bandeji, ya rufe da dogon wando, bai gaya wa kowa ba sai Gajere, ranar da ya ɗauko shi a babur bayan atisaye. Ya ce wannan ce kakar wasansa ta ƙarshe, tsohonsa ya gaza, gona na jiransa. Ya roƙe shi ya riƙe maganar har a dawo daga Maraɗi. Gajere ya ce to.

Kwana biyu ya riƙe ta. An ce manyan kulob na Yamai za su turo masu duba 'yan wasa Maraɗi, kuma kyaftin suke fara nema. Rana ta uku Gajere ya ja Koci Umar gefe ya gaya masa komai. Kocin ya sa Muttaka ya yi tsalle da ƙafa ɗaya a gaban kowa. Bai kai na uku ba ya durƙushe. Ranar tafiya, duk da an cire shi, Muttaka ya zo tasha, ya taya loda kaya a bas, ya yi musu addu'a, ya ba kowa hannu har da Gajere, sabon kyaftin.

A Maraɗi Gajere ya yi ta tsayuwa ƙarƙashin kwando, hannuwa a sama, ƙwallo ba ta iso shi. Wanda aka sa a madadin Muttaka sai ya tsaya ya duba kafin ya jefa, kafin nan an rufe hanya. Maki shida Gajere ya ci. Aka doke su da tazarar goma sha tara, kuma ba wanda ya tambayi sunansa.

Da ya dawo ya ba mahaifinsa labari, ya ƙara da cewa ai gaskiya ya faɗa. Malam Bube ya ajiye littafin hannunsa.

"Gaskiya ce, Nuruddeen. Amma don gwiwarsa ka faɗa, ko don kanka?"

Malam bai sake tayar da zancen ba har ya rasu.

Bayan shekara biyu kulob ɗin ya watse, hanya ta daina biyuwa, 'yan wasa kowa ya kama gabansa. Gajere ya gaji zauren mahaifinsa. Sai da aka yi shekara huɗu ya iya hawa babur zuwa Maradun, da niyyar neman gafara. Ya tarar da Muttaka yana sauke damin gero, yana takawa daram. Aka shimfiɗa tabarma, aka gaisa, aka tambayi iyali da gajiya da damina. Kafin ya buɗe baki Muttaka ya ce likita a Gusau ya gaya masa da ya buga wasan nan, da yanzu da sanda yake tafiya.

"Na yi fushi da kai, ban ɓoye maka. Ashe kai kaɗai ka ji tausayina. Allah shi saka."

Gajere ya ce amin. Ya fasa neman gafarar. Ya sha furar da Taibatu, matar Muttaka, ta aiko, ya yi sallama kafin la'asar.

Har yau suna haɗuwa wurin suna ko jana'iza. Muttaka kan riƙe hannunsa ya gaya wa mutane cewa ga wanda ya ceci ƙafarsa. Gajere kan sunkuyar da kai, mutane su ce kunya ce irin ta malamai.