Injin da Ke Ƙarƙashin Gadon Hamusonde

Shekara goma sha ɗaya muna rumfa ɗaya da Hamusonde a kasuwar Kamwala, ni ina gyaran waya, shi yana gyaran kwamfuta, kuma ban taɓa ganin mai taurin kai irinsa ba. Daga Monze ya zo Lusaka yana saurayi, ya koyi aiki, ya fi maigidansa iyawa, daga nan kai ya kumbura. Ka kawo masa kwamfuta ka ce madanni ɗaya ya maƙale, sai ya yi maka wa'azin awa guda a kan babbar manhajar da ke kanta.

"Wannan ba taka ba ce, haya kake zaune," haka yake ce wa mutane. "Ran da suka ga dama su sabunta ta kana tsakiyar aiki, kai kuma ka zuba ido kamar maraya."

Tasa kuwa irin ta kyautar nan ce, kuma duk wata uku sai ya sauke ya ɗora wata. Firintarsa ba ta taɓa yin sati biyu tana aiki ba. In na tsokane shi sai ya ce, "Sikazwe, manna gilashin waya kaɗai ka iya, rufe mana baki."

A ƙarƙashin gadonsa a unguwar Chilenje akwai wata tsohuwar kwamfuta da ba a kashewa, an jona mata batirin mota saboda ɗauke wuta. Ita ce rumbun dangi kaf, hotuna da takardun gona duk suna ciki. Mahaifiyarsu kuwa ita ce mai waƙar makoki a ƙauyensu, kuma kafin ta rasu yayarsa Miyanda ta yi kwana huɗu tana ɗaukar muryarta a waya. Hamusonde ya tasa matar nan a gaba wata da watanni.

"Yaya, kin bar muryar Mama a hannun kamfanin da ko ƙofarsa ba ki sani ba? Kawo gida. Kullum injina yana yin kwafi a faifai na biyu."

Ta gaji da mita ta ba shi. Da hannunsa ya goge na wayarta, ya rufe mata ma'ajiyar kamfanin, yana ta washe baki. A gabana aka yi, ban hana ba, kuma har yau abin yana cina.

Bana dangi suka sa ranar buɗe dutsen kabarin tsohuwar, Miyanda ta ce a sa muryar a lasifika kowa ya ji. Saura kwana tara, da rana tsaka aka kawo wuta da ƙarfi, babban faifan ajiyar injin ya mutu murus. Hamusonde ko a jikinsa. Ya zo rumfa da faifai na biyu a aljihu, har da fito, ya ce in matso in ga aikin masu hankali. Ya jona, ya buɗe jakar da ke ɗauke da sunan mahaifiyarsa. Ba komai a ciki.

Ashe tun bara da ya sauya manhaja, wurin ajiyar ya canza suna. Kullum injin ya je tsohon wuri ya tarar wayam, ya shafe kwafin da ke faifai na biyu don su zama daidai, sannan ya rubuto masa cewa an gama lafiya. Wata goma sha huɗu yana karanta saƙon nan yana kurɓar shayi, bai taɓa buɗewa ya duba ba. Da ya ga ma fili ya ƙaru a faifan, sai ya ji daɗi ya cika shi da sababbin manhajojin gwaji.

Na ce, "Haba mutumina, kai da ba ka bar kowa ya sha ruwa ba?" Nan take na ji kunyar bakina.

Mun kai mataccen faifan wurin wani gwani a cikin gari. Ya kunna shi, ya kasa kunne, ya ji yana ƙas-ƙas, ya miƙo mana abinmu. Kwana takwas Hamusonde yana tonon faifai na biyu, tuwon da matarsa ke aikowa yana sandarewa a kan benci. Abin da ya tsamo bai wuce rabin hoton wata saniya ba.

Na raka shi Monze don tsoron kada ya sauka a hanya. An hallara a maƙabarta, an rufe dutsen da farin ƙyalle, mai lasifika ya gama jona wayoyinsa, sannan Hamusonde ya ja yayarsa gefe ya faɗa mata. Na zaci za ta kwashe shi da mari, da ma hakan ta yi da ya fi sauƙi. A maimakon haka sai ta ce, "To, shekara biyu tana ƙarƙashin gadonka, ka fi kowa jin ta. Tashi ka rera ko ɗaya ce."

Ya sunkuyar da kai. "Yaya, ban taɓa kunnawa ba. Adanawa kawai na yi."

Miyanda ta juya ta ce wa mai lasifika ya naɗe kayansa.