Ƙeyoyin Shagon Sannu-Sannu

Na fara sanin Sannu-Sannu a shekarar da aka kawo wa layinmu wutar lantarki. Matashin mai aski ne a lokacin, da kujera ɗaya da madubi mai tsaga a kusurwa. Hannunsa ne ya ja masa sunan: kafin ya gama maka gefen hagu, na dama ya sake tsirowa.

Sai da ya fara furfura ya koyi ɗaukar bidiyo. Yakan jingina waya da kwalbar man gashi, yana aski yana zuba surutu, ya ɗora a shafinsa na intanet. Samari suka riƙa zuwa daga nesa, har ya ƙara kujera.

Kwatsam hukuma ta fito da doka: duk wanda za a nuna, sai ya faɗa da bakinsa a cikin bidiyon cewa ya yarda. Nan kowa ya noƙe. Wani direba ya ce matarsa ta san yana kan hanya. Wani tela ya ce masu ɗinki na nemansa ruwa a jallo. Sannu-Sannu ya koma ɗaukar ƙeya zalla. Ba a je ko'ina ba matar direba ta gane ƙeyar mijinta, shi kuma ya kai ƙara.

Jami'in hukuma ya tarar ana yi mini aski.

"Malam, ka kawo mutum ɗaya da ya yarda, ko mu rufe shafin nan."

"Ranka ya daɗe, ƙeya nake ɗauka, ita kuwa ba ta da baki."

"Mai ita yana da shi."

Sannu-Sannu ya dube ni ta madubi. "Baba Ticha, a taimaka."

A makarantar mishan an koya mana cewa in za ka yi magana, ka miƙe tsaye, ka cika jimla. Na miƙe a gaban wayar da zanen aski a wuya, rabin kai a aske, na soma bayanin dalilan yardata. Jami'in ya ce ya isa haka. Na ce ban zo dalili na biyu ba. Shafin ya tsira, bidiyon ya zagaya gari, jikokina kuwa har yau in na buɗe baki sai su ce, "Kaka, saura dalili na biyu!"

Sannu-Sannu bai sake tayar da zancen ba. Bara na kwanta a asibiti, hannuna ba ya ɗaguwa. Duk safiyar Asabar sai ya shigo da jakarsa, ya aske ni, ya goge mini wuya, ya tafi. Wata rana na tambaye shi ina wayar.

"Na baro ta a shago, Baba," in ji shi. "Ɗaga haɓa."