Hannun Ya Fanna Mai Dilka

Ya Fanna mutuniyar Bama ce. Rikici ya koro ta Gombe, ta sauka a Tudun Wada ba ta da komai sai sana'ar kakarta, wato dilka, kwaɓin nan da ake murza wa amarya har fatarta ta yi laushi. Da ita ta ci, da ita ta yi suna.

Ana nan sai yatsunta suka fara yin fari fat in ta taɓa ruwan sanyi. Daga baya fatar hannunta ta ɗame, ta yi sheƙi, ko mintsini ba ta karɓa, yatsun kuma suka lanƙwashe. Likita ya ce jikinta ne ke yaƙar kansa, yana tara tabo ƙarƙashin fata. Ba a ɗaukar ciwon, amma ba ya warkewa sarai. Ya ɗora ta kan ƙwayar da ake sha sau ɗaya a mako, mai tayar da zuciya, wadda ba a ganin aikinta sai an kwashe watanni.

Unguwa kuwa ta riga ta yanke hukunci: kuturta. Iyayen amare suka janye, ba wanda ya tambaya. Hukuncin da ya riga tambaya kuwa zalunci ne, ko da tsoro ne ya haife shi.

Maƙwabciyarta Jummy, mai tuyar masa, ta ce, "Ya Fanna, yar da ƙwayar nan, ƙarar da ke take yi. Mai dilka guda, ki dilke kanki mana!"

"Jummy, shara ba ta maganin ɗigar rufi. Dilka a sama take tsayawa, wannan daga ciki yake."

Ta ci gaba da sha, tana amai, tana zuwa awon jini, tana alwala da ruwan ɗumi.

Bayan shekara guda, wata safiya Hajiya Halima Sadiya ta zo daga Pantami da 'yarta Najeeba, wadda bikinta ya matso. Daga bakin ƙofa ta tsaya.

"Ki haɗa mana kwaɓin kawai, wata ta murza."

Ya Fanna ta daɗe ba ta ga amarya ba, tana kuma buƙatar aikin. Amma ta auna: in ta yarda, ta amsa da bakinta cewa hannunta ƙazanta ne, kuma gobe kowa haka zai nema.

"Hajiya, hannun da ya kwaɓa shi zai murza. In ba haka ba, ga hanya nan."

Sai ta miƙa damtsenta. "Mintsina."

Hajiya ta ja baya. Najeeba ce ta matso ta kama, fatar ta ɗan taso tsakanin yatsunta.

"Bara ko likita bai iya kama ta ba," in ji Ya Fanna. "Kin ga yatsanki ya faɗi, 'yar nan?"

Najeeba ta yi dariya, ta naɗe hannun riga. "Mama, ki dawo ɗaukata da la'asar."

Yatsun Ya Fanna ba su miƙe ba, mai yiwuwa ba za su miƙe ba har abada. Da tsakiyar tafi ta murza.